Tiren Burodi a Durumi

An ƙwace mana gonar doya aka shimfiɗa titi a kai, kuma har yau ban yafe ba. A shekarun da ake kwaso gwamnati daga Legas ana juye ta a ƙasarmu, kowa maganar sabon birni yake yi. Ni abin da na gani da idona shi ne katafila ta bi ta kan kunyoyina, doyar tana ciki ba a haƙe ba. Ban iya rubutu ba a lokacin. Sai da furfura ta fito mini na zauna ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa sai yanzu nake ba da labarin.

Mijina ya tafi wajen Tungan Maje neman wanda zai ba shi aron gona, ya bar ni a Durumi da yara biyu da mahaifiyarsa. Damina ta yi nisa, rumbu ya ƙare. Dajin da nake saro itace in sayar, shi ma an share shi. Muka koma kunu tsararo sau ɗaya a rana. Ƙaramar 'yata ta daina kukan yunwa, sai dai ta zauna ta zuba wa tukunya ido, wannan kuwa ya fi kukan tayar mini da hankali.

A bakin ƙauye, inda baƙi suka fara kafa ɗakunan kwano, wata Bayarabiya da aka taso mijinta daga Legas ta buɗe gidan burodi. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, sai tanderun ƙasa a baya. In iska ta juyo, ƙamshin har tsakar gidanmu yake shigowa, kuma ga mai yunwa wannan azaba ce. Da na ji tana neman mata masu kai talla wuraren gini, ban yi shawara da kowa ba na tafi.

Na tarar da wasu mata a rumfar, baƙi ne daga wajen Filato da Kudancin Kaduna. Madam, haka kowa ke kiranta, tana da doka: ba mai ɗaukar kayanta sai ta ɗanɗana, don in lebura ya tambaya ta san abin da za ta ce masa. Ta yayyanka a faranti tana miƙo mana ɗaya bayan ɗaya.

Na taɓa cin burodi, irin busasshen nan na tasha. Wannan daban ne. Da ɗuminsa, in ka ja shi sai ya biyo ka kafin ya rabu, a baki kuma ya narke tun ban gama taunawa ba. Sai mai kwakwa, da ɗan ƙurus-ƙurus a haƙori. Sai wani naɗaɗɗe da nama da dankali a ciki. Tun kunun jiya ban sa komai a baki ba. Da aka zo kan kek, na lallaɓa zan ƙulle nawa a bakin zane saboda yarinyar.

"Kai, Mama, ci shi a nan," in ji Madam. Hausarta ta kasuwa ce, kowa kai ne a wurinta. "Ba na gida ba ne."

Ta tsaya a kaina har na haɗiye. Ban taɓa cin abu mai daɗi haka ba, ban kuma taɓa jin haushin abin da ya wuce ta maƙogwarona haka ba.

"To, yaya?"

"Da daɗi, Madam, amma iska ce. Mai ɗaukar siminti ya ci wannan, kafin azahar ya manta ya ci."

"Shi ya sa zai saya biyu," ta ce, tana dariya. "Wannan bakinka zai yi talla."

Har na fara sakin jiki. Sai aka fito da tirori na katako, kowanne faɗinsa ya kai rabin ƙofa, aka jera burodi a kai. Matan nan kowace ta sunkuya ta ɗora nata a ka, ta miƙe kamar ba komai. Ni ma na sunkuya, na kai nawa kafaɗa.

Mu Gbagyi ba ma ɗaukar kaya a ka. Itace, doya, tulun ruwa, duk a kafaɗa muke ɗauka, don a wurinmu kai shi ne sarkin jiki, ba a mayar da shi jaki. Na sha ɗaukar itacen da ya fi ni nauyi. Amma tire ba itace ba ne. Gefensa ya tokare mini wuya, ɗaya gefen ya rinjaya, ina ji ina gani burodin ya sulale cikin taɓon bakin rumfa.

Madam ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni ta ce, "Mama, kanka fa? Me ka ajiye shi yana yi?"

"Tunani yake ɗauka."

"Tunani ya ba ka abinci yau?"

Matan suka kwashe da dariya. Na roƙe ta ta bar ni in riƙe shi da hannu biyu a gaba. Ta ce daga nan zuwa wurin gini hannu ba zai kai ba, kuma ba za ta sake zuba fulawarta a laka ba. Ni da ban taɓa durƙusa wa baƙo ba, na durƙusa.

"Tashi. Gobe in ka zo da kai, akwai aiki. In kafaɗa ne, zauna gida. Mata suna da yawa."

Na tsince waɗanda suka faɗi, ban tambaye ta ba, ita ma ba ta hana ni ba. A gida na ɓare wajen da ya taɓa laka na raba. Labari ya riga ni isa, don surukata ko sannu ba ta ce mini ba.

"In kika ɗora abin nan a ka, da wane ido zan fita?" ta ce. "An karɓe gona, kan ma za ki miƙa musu?"

"Inna, abin da kike taunawa ɗin nan, a ka ake yawo da shi."

Ta ci gaba da taunawa.

Kafin rana ta faɗi na ciro wani katako daga dangar awakin da muka riga muka sayar, na zaga bayan gida ina gwadawa. Kafaɗar dama, kafaɗar hagu, na ɗaura igiya, na tokare da sanda. Duk yadda na yi sai ya karkace. Na zauna a ƙasa na yi kuka, na zagi katafila, na zagi mai tuƙa ta, na zagi mijina da ya tafi ba labarinsa.

Washegari da sassafe na murɗe tsohon ɗankwalina na yi gammo. Na ɗora katakon a ka, na sa dutse a kai don wuyana ya saba da nauyi. Akwai hanyar bayan gari, ban bi ta can ba. Na ratsa ta tsakiyar ƙauye, daidai lokacin da mata ke dawowa daga rafi da tuluna a kafaɗa, suka tsaya cak suna kallona. Wuyana na rawa, hannuna ɗaya na riƙe da katakon, na gaishe su na wuce gidan burodi.