Rabin Suna a Kan Faifai

Kafin ya taɓa jitarsa yakan juya hagu ya gyaɗa kai, kamar mai ba makaɗin ganga izini. Babu kowa a hagun sai kwandon shara. A kasuwar tsofaffin faya-fayai ta birnin Leeds a Ingila nake ganinsa. Gashinsa baƙi wuluk, irin baƙin da ake sayowa a kwalba, amma yatsun ba su tsufa ba. Gabansa tulin sabon faifansa ne, wanda ya yi shi kaɗai bayan ya bar ƙungiyar kiɗan da ta taɓa cika filayen ƙwallo da 'yan kallo. Tun safe tulin bai ragu ba.

Ga wata mata ta tsaya, riƙe da tsohon faifan ƙungiyar da ta sayo a teburin maƙwabcinsa.

"Clive! Ashe kana raye? Sa min hannu, tsoho. Can ƙasa, da ƙananan haruffa. Tsakiyar ta mawaƙinku ce."

"Ga sabo ma," in ji shi a hankali.

"Da muryarsa a ciki?"

"A'a."

"To, bar kayanka."

Ya sunkuya yana rubutu daidai inda ta nuna. Mijinta ya ƙwala mata kira, ta zare faifan daga ƙarƙashin alƙalamin da rabin sunan a kai. Ko dubawa ba ta yi ba.