Ranar da Aka Faɗi Ajiyata a Zaure

Shekarun baya can, lokacin naira ba ta daɗe da karɓar wurin fam ba, wata rana bayan la'asar, ga waɗanda ke zaune a zauren gidanmu a Birnin Gwari: maigidana, Allah ya jiƙansa, ƙaninsa da suke ciki ɗaya, limamin unguwarmu, da wani abokin maigida mai sayen auduga. Sai baƙon ranar, manajan bankin da aka buɗe mana a gari, wani matashi daga wajen Zariya mai tsafta da sunkuyar da kai. A cikin gida kuwa ni ce da ƙawata, 'yar Gbagyi daga wajen Damari, wadda ke kawo min kaɗe daga daji a kafaɗarta. Na jero su ne don ku san yawan kunnuwan da suka ji abin da ko 'ya'yan cikina ba su sani ba.

Sana'ata man kaɗe ce da daddawa. Tun ina amarya nake yi, kuma a garin nan babu wanda bai san cewa abin da mace ta samu da guminta nata ba ne. Maigida ma ya sani. Matsalarsa ɗaya: bai iya cewa a'a ba. Mutumin kirki ne, amma hannunsa rariya ne. Da a tukunya nake ajiya, a ƙarƙashin gado, sai ya zo yana sosa ƙeya, wai wane ya yi haihuwa, wai kuturun bawan Allah ya rasa rufin ɗaki, in ara masa zuwa kaka. Kaka ta zo ta wuce, tukunya ba ta ga komai ba.

A wannan tsakanin mahaifiyata tana Kakangi, yanar ido ta fara rufe mata gani. Da farko zare ne ba ta iya sawa a allura, daga baya ta koma sai ta lalubi bango kafin ta kai bakin murhu. Malamin asibitinmu ya duba ta ya ce a Kaduna ana cire irin wannan yanar, amma a yi da wuri, kuma a tafi da kuɗi: na mota, na aiki, na zaman jinya. Na faɗa wa maigida. Ya ce in sha Allahu bayan girbi. Bayan girbi sai ga ƙaninsa da sabon keke.

Ƙawata ce ta nuna min hanyar banki. Ita ta riga ni, mutanen cocinsu suka kai ta. Ranar da na fara zuwa, sai da na tuɓe takalmana a bakin ƙofa kamar mai shiga gaban alƙali, mai gadi yana ta ƙunshe dariya. Ni da ake tsoron bakina a unguwa, ga ni ina tafiya da sanɗa a kan siminti. Tunda ban yi boko ba, babban yatsana aka shafa wa tawada na dangwala. Kafin in saki ƙullin kuɗin na dubi manajan na ce, “Yaro, in mijina ya zo ya tambaya fa?” Ya ce, idonsa a kan tebur, “Gwaggo, ko hakimi ne ya zo ba zai ji ba. Sirrin mai ajiya ne.” A kan wannan maganar na saki ƙullin. Daga nan duk ranar kasuwa in na sayar, sai in biya in zuba. Ban ɓoye wa maigida ina fita kasuwa ba. Bai tambayi inda kuɗin ke kwana ba, ni ma ban kai masa labari ba.

To, ranar da nake ba ku labari, ina tsakar gida muna auna kaɗe da ƙawata, sai na ji tsayuwar babur da sallama. Na dama fura na kai bakin ƙofar da ta haɗa zaure da cikin gida, na ajiye na ƙwanƙwasa. Ban koma ba. Ni ba na komawa in baƙuwar murya ta shigo gidana, wannan halina ne, ba na kuma neman afuwar kowa a kansa.

Bayan gaisuwa mai tsawo, sai na ji manaja ya ce, “Malam, wajenka na zo, don bai dace in aika wa iyalinka kai tsaye ba kana raye. Dangwalen da ta yi mana kwanan baya bai fito ba, zanen yatsan ya shafe. A taimaka a ba ta izini ta zo ta sake.”

Gaskiya ne yatsan ya shafe. Wanda ya yi shekara da shekaru yana murza kalwa da cuɗa man kaɗe mai zafi, ina zai ga zane a yatsa?

Ƙanin maigida ne ya fara magana. “Dangwale? Yaya, matarka ajiya take yi a banki?”

Da yaron nan ya tsaya a nan, da da sauƙi. Amma sai ya ga kamar ya sa maigida a kunya, sai ya nemi ya gyara da yabo. Ya ce, “Ai Malam ka yi dace. A cikin matan da ke ajiya wurinmu babu ta biyunta.” Mai auduga ya yi dariya ya ce, “Kai, manaja, kuɗin daddawa har nawa ne?” Sai ya faɗa. Wallahi ya faɗa, har da kwabban da ke kai. Liman ya ce, “Ma sha Allah.”

Ku ji abin da namiji ke yi in an kama shi bai san abin da ke cikin gidansa ba. Maigida ya yi gyaran murya ya ce, “Ai na sani. Ni na ce ta riƙa kai mana can.” Mana! Ƙaninsa kuwa da ma ya daɗe yana mafarkin injin niƙa, nan take ya matso. “To Yaya, ga kuɗin inji a gida ina ta yawon neman rance a waje? Ka ba ni, in na fara aiki in mayar.” Gaban liman, gaban aboki, gaban baƙo, mutumin da ya gama cewa shi ya yi umarni, ta ina zai ce sai ya tambayi matarsa? Ya ce, “Ba komai. Jibi ka zo.”

Na koma tsakar gida. Ƙawata ta dube ni ta ce, “Uwar ɗaki, wa ya mutu?” Na ce, “Idon Inna ake rabawa a zaure.” Na faɗa mata. Ta tafa hannu ta ce, “Shi yaron bankin? Ni da mijina ya je tambayar nawa, korar kare suka yi masa!” Na ce, “Ke ai ba a ganin mijinki da rawani. Ni ce aka yi wa ladabi.”

Bayan magariba maigida ya shigo. Ya zauna bakin tabarma, bai taɓa tuwon ba. Ya ce, “Ke kuwa kin kyauta ke nan? A ce sai a bakin baƙo zan ji?”

Na ce, “Malam, ai na ji ka ce ka sani.”

Ya ce, “Na riga na yi magana gaban liman.”

“Ka yi magana da bakinka, sai ka cika da aljihunka.”

“So kike a ce matata ta fi ƙarfina?”

“So nake uwata ta ga hanyar bayan gida ba tare da an ja ta da sanda ba. Na faɗa maka bara. Ka ce bayan girbi. Keken nan da ƙaninka ke kaɗa wa ƙararrawa a ƙofar gidan nan, idon Inna ne na dama. Yanzu na hagun yake so ya niƙa gero da shi?”

Ya ce, “Subhanallahi, bakinki!” Na ce, “Da shi ka auro ni.” Ya tashi ya fita masallaci. Ban bi shi da magana ba, shi ma bai ce kada in fita gobe ba. Na san shi: wannan shirun shi ne iyakar abin da zai iya ba ni.

Yau duk sun riga mu gidan gaskiya, sai ni da ƙawata muka rage muna jan ƙafa. Maigida na yafe masa tun yana da rai. Bijiminsa na huɗa ya sayar ya cika alkawarin inji, ya yi damina yana aron shanu, bai taɓa goranta min ba. Ƙaninsa ya daɗe yana gaishe ni da ƙeya, wannan bai hana ni barci ba. Amma yaron bankin nan, har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Tarbiyya ce ta yi masa yawa a inda ba a nema ba. A gida an koya masa ba a yi wa matar mutum magana, a wurin aiki an koya masa ba a faɗin ajiyar mutum, da suka haɗu sai ya ga ta gida ta fi nauyi, don a idonsa ni matar mutum ce kafin in zama mutum. Ya iya karɓar kuɗi daga hannuna, amma bai iya aiko min da saƙo ba. 'Yan matan yanzu kan tambaye ni ko ya kamata mace ta faɗa wa miji abin da ta tara. Nakan ce wannan tsakaninku ne, ke kika san wanda kike aure. Ki faɗa in kin ga dama, ki yi shiru in kin ga dama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wani ya faɗa a madadinki.

Washegarin ranar da aka faɗi ajiyata, tun kafin a buɗe banki ina bakin ƙofa, ƙawata na gefena. Da manaja ya gan ni sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Gwaggo, sannu da zuwa. Ina Malam ɗin?”

Na ce, “Malam bai ajiye komai a nan ba. Ɗago kanka ka dube ni.”

Ya ɗago da ƙyar.

“Ka ce ko hakimi ba zai ji ba. Jiya mai auduga ya ji.”

Ya ce, “Wallahi girmamawa ce na yi, ban ɗauka…”

“Ka girmama mijina da kuɗin idon uwata. Kawo tawadar.”

Na dangwala, na danna sosai har teburin ya motsa. Na ce a ba ni duka, kada a bar ko kwabo. Ya fara ba da haƙuri, wai in bar wani abu kada ajiyar ta mutu. Na ce ta mutu tun jiya da la'asar. Na ƙulle kuɗin a lalita na ɗaura a ƙugu, na rufa zani a kai, ƙawata ta raka ni tasha na hau motar Kakangi.

Na tarar da mahaifiyata zaune a ƙofar ɗaki, ta juya fuska wajen rana. Ta ji takuna ta ce, “Wace ce?”

Na ce, “Ni ce, Inna. Tashi in ɗaura miki zani, Kaduna za mu.”