Mashin Ɗin Da Na Ba Iro Ya Riƙe

Ni ɗan Ƙofar Marusa ne, kuma kafin abin da zan faɗa ba a san ni da komai ba sai karatu. Na gama jami'a, na yi hidimar ƙasa, na dawo Katsina ina yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan. Ba ina cewa rashin aiki ne ya sa ni sata ba. Abokaina da yawa ba su samu ba, kuma ba su taɓa kayan kowa ba.

Na buɗe 'yar rumfar cajin waya. Wata rana wani ya kawo waya da araha, ban tambayi inda ya samo ta ba. Daga waya aka koma batir, daga batir aka koma mashin. Wani makanike mai suna Sada shi ke kawowa, ni kuma in nemo mai saye. Nakan gaya wa kaina cewa ni dillali ne kawai. Ina jin ko a lokacin ban yarda da kaina ba.

A unguwarmu akwai Iro. Ya kusa shekara arba'in, amma tun haihuwa fahimtarsa ba ta wuce ta ƙaramin yaro ba. Ba mahaukaci ba ne, bai taɓa jifan kowa ba. Aikinsa ɗaya: in mai ya ƙare wa ɗan acaba, Iro ne ke tura masa mashin zuwa wurin mai sayar da fetur a kwalba, a saya masa ƙosai. Innarsa ta koya masa abu biyu, kada ya yi wa babba musu, kuma kada ya saki kayan da aka ba shi sai mai shi ya zo. Yakan tsaya cikin rana riƙe da mashin har la'asar, yara na tsokanarsa.

"Iro, saki mana, mai shi ya tafi Makka!"

"Ko Makka ya tafi zai dawo," in ji shi.

Ni na kawo shawarar mu yi amfani da shi. Na ce wa Sada duk garin nan ba mai tsayar da Iro in ya gan shi yana tura mashin. Sada ya yi dariya, ya ce, "Kai ɗan boko, ashe karatun ga bai tafi a banza ba."

Mun yi haka sau da yawa ba matsala. Sai wata Talata Sada ya kawo jan mashin daga hanyar Batagarawa, yana haki. Ban tambaya ba, ko kuma in ce na ƙi tambaya. Na kira Iro na ce ya tura shi bakin kasuwa, ya riƙe har mai shi ya zo. Ashe an sari ɗan acaban da ke da shi, ya cika kafin a kai shi asibiti. Yana da mata da ƙananan yara.

Abokan sana'arsa suka gane mashin ɗin. Kowane ɓarawo da ya ga taron nan da ya gudu. Iro ya ƙara riƙe kan mashin, ana dukansa yana cewa amana ce. 'Yan sanda suka tambaye shi, "Kai ka ɗauko shi?" Ya ce, "Ni na ɗauko, ranka ya daɗe." Duk abin da suka ƙara tambaya, e ya ce musu, domin manya ne.

Sada ya tsere, har yau ban san inda yake ba. Ni an kama ni daga baya kan wasu mashinan daban. Da aka tambaye ni game da jan mashin, na ce ban san shi ba. Tsoro ne. Na san in na haɗa kaina da shi, igiya na iya hawa wuyana. Iro kuwa da aka ce wa ya ba shi, sai ya ce "Malam." A Katsina wa ba Malam ba?

Aka ɗaure ni shekaru kan karɓar kayan sata. Shi aka yanke masa hukuncin kisa. Wanda ya halarci kotun ya ce mini da alƙali ya gama karantawa, Iro ya durƙusa ya yi godiya.

A gidan yari ni aka sa raba abinci a ɓangaren masu jiran kisa. Ranar farko ya gane ni, ya washe baki.

"Malam! Kai ma nan ka dawo? Ina kwana, ina gajiya?"

Ya matso jikin ƙarfen ƙofar ya rage murya.

"Malam, 'yan sanda ne suka ƙwace, ba ni na saki ba. Mai shi ya zo?"

Mutanen ɗakin nan in sun ji takun ganduroba da safe kowa zabura yake yi, don ba wanda ya san ranar da gwamna zai sa hannu a rataye shi. Iro shi kaɗai ke murna, yana zaton Inna ce ta zo. Wani dattijo a cikinsu ya ce mini, "Mu dai mun san abin da muke jira. Wanga bawan Allah mi ya sani?"

Ni ba lauya ba ne, ba kuma malamin addini ba, don haka ina iya kuskure. Ba kuma ina raina jinin ɗan acaban nan ba, iyalinsa suna da haƙƙi a wuyanmu. Amma a iya fahimtata, ana hukunta mutum ne don ya san abin da ya aikata. Wanda bai iya musu ba, bai iya kare kansa ba, bai ma san me ake nufi da rataya ba, in aka kashe shi wa aka hukunta? Wanda ya yi saran yana yawo. Wanda ya tsara yana nan yana rubuta muku wannan. Ina ganin bai kamata a rataye irin su Iro ba, ko da hannunsu ya taɓa laifin, kuma ya kamata likita ya duba irinsu kafin a rubuta "e" ɗinsu a matsayin amsa laifi.

An sake ni bara. Na tuba ga Allah, na je na durƙusa wa Innarsa, ta ƙi kallona, kuma ban ga laifinta ba. Na kuma faɗa wa lauyan da ke ɗaukaka ƙarar duk gaskiya. Ya gargaɗe ni cewa maganar na iya mayar da ni ciki. Ina tsoro, ba zan ɓoye ba. Na sa hannu a kan bayanin duk da haka. Ban san ko zai isa ba.

Ƙannena, kada ku karɓi kayan da kuke jin tsoron tambayar asalinsa. In kuna da Iro a unguwarku, kada ku aike shi inda ba za ku iya zuwa da kanku ba. Ranar da aka kama shi, ku je ku faɗi yadda yake tun kafin a rubuta komai.

Makon jiya na kai masa ƙosai. Ya ci rabi, ya ajiye wa Inna rabi. Da zan tafi ya riƙe rigata.

"Malam, in mai shi ya zo, ka ce mashi ban saki ba."