Ɗinyar da Ta Faɗo da Kanta

Shekarar da 'yan bindiga suka hana mu sakat a ƙauye, na ɗauko Inna na kawo ta wurina Gusau. Ba ta rufa wata ba ta daina cin abinci. Tuwo, ta ture. Shayi, ta kau da kai. Ni kuwa ga wanki, ga jikoki, ga makarantar yaƙi da jahilci da na shiga da furfurata, kullum a makare.

Na ce, "Inna, kashe kanki za ki yi a ɗakina? Faɗi abin da kike so."

Ta ce, "Maɗi."

Mu mutanen dutse ne, can ƙasar Bungudu. Kakanninmu a bisa suka zauna, cikin ganuwar duwatsu da har yau tana nan a rushe. Giya suke dafawa, ba na ɓoyewa. Da Musulunci ya zauna aka sauko gindin dutse, mata suka wanke tukwanen giyar suka koma dafa maɗi: a jiƙa ɗinya, a murje, a tace, a dafa ruwan har ya yi baƙi ya yi kauri. Ba a suna ko biki babu shi.

Na sayo ɗinya a kasuwa, na wuni gaban murhu, hayaƙi ya cinye min ido. Inna ta kurɓa, ta tofar.

"Wagga kaɗo ta anka yi. Bauri gare ta."

"Ɗinya ai ɗinya ce, Inna."

"Ke da karatunki! Wa ya taɓa sa sanda ga ɗinyar maɗi? Sai wadda ta nuna ta faɗo don kanta."

Na so in yi faɗa, ƙarfin ne babu.

Aka kwatanta min wata bishiya a gefen hanyar Furfuri. Na dinga hawa acaɓa da sassafe ina tsince wadda ta faɗo, ni da awakin mutane muna rige-rige, gwiwoyina suna ƙara. Na sha zirga-zirga kafin ƙwarya ta cika, ita kuwa Inna sai ramewa take.

Da na dafa, ta sha rabin ludayi. Ta ce ruwan famfo ya rage masa daɗi, ba kamar na dutse ba. Sannan ta ce in dama mata kunu in zuba sauran. Ta shanye, ta ce gobe a yi mata tuwo mai laushi.

Na jingina da bango. Ko tukunyar ban iya wankewa ba.