Murfi Huɗu na Baƙin Mai

Ƙaurin fetur da aka gauraya da baƙin mai yakan bi hijabina har cikin aji. Tsohon babur ɗin Baba irin wanda ake zuba wa duka biyun a tanki ɗaya ne. Mutane murfi biyu na baƙin mai suke aunawa, Baba kuwa huɗu.

"Shi ke ɗaukar mu kullum, uwata," yakan ce da ni. "Ba zan yi masa rowar mai ba."

A kansa yake kai ni makaranta a Daura daga ƙauyenmu na bayan Sandamu. Na san in babur ɗin ya mutu, sai dai in koma gidan gwaggona a cikin gari, ni da ban taɓa kwana nesa da Inna ba.

Ina aji biyar na sakandare ya fara kasala. Kukansa ya dishe. In mun iso yashi sai in sauka, Baba na turawa, ina bin sa a baya riƙe da takalmana, ina kallon gero don kada in ga gumin da ya jiƙa masa riga.

Sau uku muna zuwa wurin wani dattijon bakanike a bakin tasha.

"Alhaji, silindar injin ta cinye. Sai an faɗaɗa ta, a sa fistin babba. Hawa da saukarsa ba a taɓawa, faɗi kawai ake ƙarawa."

"Wancan karon ma haka ka ce."

"To ya tsufa ne, kamar ni da kai. Kai ma in ka yarda sai in faɗaɗa ka."

Baba bai yi dariya ba. Kowane gyara mako biyu yake kai mu, sannan mu koma turi. Bayan na uku aka ce silindar ta yi sirara, ba sauran abin yankewa. Baba ya sayar wa wani mai kai kaya Kongolam. Inna ta ɗaure mini tufafina a zane, na yi shekara biyu a ɗakin gwaggo.

Sai da na gama jami'a yayana ya gaya mini abin da mai sayen ya tarar. Ƙofar da hayaƙi ke fita a jikin silinda ce ta toshe da kunkunniyar yawan baƙin mai, saura ɗan rami kamar kafar allura. Da ƙusa ya kankare ta, ya ƙara shekara shida yana hawa.