Uku Cikin Goma

A gidanmu na Zariya, mace za ta iya ƙona tuwo a yafe mata, ta iya zuba gishiri sau biyu a miya a manta, amma in ta yi raki ranar da take kan gwiwa, ta jawo wa kanta gori na har abada. Akwai matar kawuna da ta ƙwalla ihu a haihuwarta ta fari har maza suka jiyo daga zaure. Ɗan da ta haifa ranar yanzu yana da gemu da 'ya'ya biyu, amma har yau in mata sun taru biki sai wata ta kwaikwayi muryarta a kwashe da dariya. Ni ma na sha yin dariyar, ba zan ɓoye ba.

Da cikina na fari ya shiga wata tara ina Laurel ne, wani gari a jihar Maryland ta Amurka, a wani ɗan gida mai ɗaki ɗaya a hawa na biyu. A ƙa'ida gida ya kamata in koma, in haihu a ɗakin Inna, mahaifiyata, ta yi min wankan jego ta cika ni da kunun kanwa. Ba ta samu biza ba, ni kuma likita ta hana ni doguwar tafiya. Abin da ya rage wa Inna shi ne waya, kuma ta yi amfani da ita yadda ya kamata. Duk kira da magana ɗaya take rufewa.

"Ki daure. In ya yi tsanani ki ciji bakin zani. Kada ki ba ni kunya a gaban Turawa."

"Haba Inna, ni ce fa," in ce mata.

Ni ce kuwa. Tun ina ƙarama an san ni da taurin kai, ko bulala aka yi min a makarantar allo ba na bari a ga hawayena. Na riga na tsara yadda labarin zai isa gida: ta haihu a ƙasar mutane, ba uwa ba ungozoma, ko tari ba ta yi ba.

Ciwon ya fara ne wata Talata bayan sallar asuba. Maigidana yana aikin gadi a wani ofis a Washington, jirgin ƙasa na safe yake bi. Na dafa masa shayi, na soya ƙwai, na zuba masa abincin rana a kwano. Ya gan ni na dafe bakin tebur.

"Lafiya kike riƙe da tebur haka?"

"Teburin ne ya kawo maka ƙara?"

Ya yi dariya, ya ɗauki jakarsa ya fita. Wanda bai tashi a inda na tashi ba zai ce hauka ce. Amma ta yaya zan dubi tsabar idon namiji in ce masa naƙuda ta zo, kuma haihuwar fari? A wurinmu miji ne na ƙarshen ji, in ma ya ji sai ya nemi hanyar kasuwa.

Wajen ƙarfe goma na kira lambar da aka ba mu a asibiti. Wata nas ta ɗauka, murya mai daɗi. Ta tambaye ni minti nawa ne tsakanin tasowar ciwon, na faɗa mata a kan ƙiyasi. Sai ta ce in auna mata zafin, daga ɗaya zuwa goma. A lokacin ciwon ya taso, na durƙusa a tsakar kicin da tsumman goge ƙasa a hannuna, gumi yana bin bayana. Na daidaita murya kamar mai karanta labarai a rediyo, na ce uku.

Ta ce ai da sauran lokaci ke nan, haihuwar fari tana ɗaukar lokaci. In sha ruwa, in yi ta zagaya ɗaki, in sake kira idan ciwon ya kai ba na iya magana. A nan da bakinki ake auna ki. Abin da kika faɗa shi za a rubuta, ba mai zama ya karanci goshinki kamar yadda tsofaffin gidanmu ke yi. An gaya mana haka a ajin masu ciki, na ji da kunnena, amma na Inna ya riga shi zama. Na ajiye waya ina jin kaina wata jaruma.

Azahar ta yi na kasa tsayuwa, a zaune na yi sallar. Sannan na kira maigida.

"Aiki ya yi maka yawa yau?"

"Me ya faru?"

"Ba komai. In ka samu sarari dai ka dawo."

Shekara uku da aure, ya san ba na cewa ba komai sai da komai. Bai jira jirgi ba, tasi ya hau tun daga Washington. Ya shigo da kayan aiki a jikinsa, yana haki.

"Tun yaushe?"

"Tun asuba."

"Tun asuba! Kika zuba min ido na zauna na cinye ƙwai?"

Mun isa asibiti wajen ƙarfe uku. Ranar kamar duk matan Maryland sun haɗa baki, ɗakunan dubawa a cike. Nas ɗin da ke kan teburin karɓar baƙi dattijuwa ce mai tabarau da furfura, ta yi min fara'a sosai. Ta miƙo min wani kati mai zanen fuskoki a jere, daga mai murmushi har zuwa mai kuka, ta ce in nuna wadda ta yi daidai da ni. Na ɗora yatsa a kusa da mai murmushi.

"Ki faɗa mata gaskiya mana," in ji maigida da Hausa, ƙasa ƙasa.

"Kai ke ɗauke da cikin ko ni?"

Dattijuwar ta rubuta uku, ta nuna mana kujerun ɗakin jira, ta ce da zarar an samu gado za a kira ni. Shi kuma aka ce ya je ya gusar da motarmu daga bakin ƙofa, don a nan ya jefar da ita.

Ina zaune wata mata ta zo bayana. Baturiya ce doguwa, tana nishi tana zagin mijinta da duk sunan da ya zo bakinta. Nan da nan aka kawo keken marasa lafiya aka wuce da ita. Na bi ta da harara, na ce a raina, ji raki kamar ita aka fara yi wa ciki. Na cusa gefen mayafina a baki na cije, ina ƙirga tayil ɗin ƙasa. Ciwon a lokacin ba ya tafiya ya dawo, zuwa yake a kan zuwa.

Sai faya ta fashe.

Abin da na fara ji kunya ce, wai na jiƙa wa mutane kujera. Na sunkuya in ga yadda zan rufe wurin da mayafi, a nan na ga ruwan. Ba fari ba ne. Kore kore ne, kamar ruwan da aka ɗauraye tukunyar miyar kuka. A ajin nan na masu ciki an ce mana in kika ga haka, jariri ya yi kashi a ciki, wataƙila yana cikin wahala, kada ki jira. Hoton ciki ya riga ya nuna mana mace ce, kuma yarinyar mai yawan shuri ce, ba ta barina in yi barci. Na dafa cikina na yi ƙoƙarin tuna yaushe rabon in ji motsinta. Na kasa tunawa.

Dattijuwar ta juya min baya, tana waya. Na yi mata magana da Turanci, da 'yar muryar nan ta ladabi da ake tambayar hanya da ita. Ba ta ji ba. Na sake, ba ta ji ba. Maigida yana can yana neman wurin ajiye mota. Tsakanina da teburin bai fi taku goma ba, amma ciwon bai bar ni na miƙe ba.

Wallahi a wannan lokacin ma sai da matar kawuna ta faɗo min a rai, da matan biki suna tafawa. Sai wani tunani ya biyo baya, mai zafi: duk cikin masu dariyar nan, wace ce za ta zo ta tsaya da ni in na fita daga asibitin nan hannu biyu babu komai? Na zare mayafin daga bakina.

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Da Hausa ta fara fitowa, "Wayyo Allah! Ku zo ku duba min 'yata!" Sannan na tuna inda nake, na juya harshe, na ce goma ne, goma ne, ƙarya na yi, ruwan kore ne. Wani mutum da ke shan kofi a gefe sai da ya zubar da shi a wandonsa.

Daga nan komai da gudu aka yi shi. Aka ɗora ni a gado, aka ɗaura min wani bel a ciki, bugun zuciyar yarinyar ya cika ɗakin. Yana gudu, sai ya ja baya kamar zai tsaya, sai ya sake kamawa. Likitar, wata mace 'yar siririya, ta duba ni ta ɗago kai da sauri, ta ce ai kan yana bakin hanya. Suka juya ni a kan haƙarƙarin hagu, suka sa min abin shaƙar iska. Ta matso kusa da fuskata ta ce min yarinyar ta gaji, tana so ta fito yanzu. Ko in yi nishi da duk ƙarfina, ko mu wuce ɗakin tiyata.

Maigida ya faɗo ɗakin da mukullin mota a hannu. A Zariya ko kusa da ƙofar ba zai zo ba. A nan aka ba shi ƙafata ɗaya aka ce ya riƙe, ya riƙe, yana karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Ni kuwa tunda bakin ya buɗe ban sake rufe shi ba. Kowane nishi da ihunsa. Na kira Allah, na kira Inna, na faɗa wa bawan Allan nan maganganun da har yau bai taɓa maimaita min su ba, Allah ya saka masa da alheri.

Ta fito kafin magariba, cibiya ta naɗe mata wuya sau biyu. Ba ta yi kuka ba. Suka wuce da ita wani ɗan tebur mai fitila, mutum uku suka rufe ta da bayansu, ina jin ƙarar abin zuƙe ruwa. Ban san tsawon lokacin ba, kuma ba na so in sani. Sai wata 'yar ƙara ta fito kamar ta mage, ta biyu kuma ta cika ɗakin. Aka kwantar min da ita a ƙirji, da ɗuminta da santsinta, tana ta masifa. Babanta ya sunkuya ya yi mata kiran salla a kunne.

Na yi karatu, na tsallaka teku, na koyi tuƙi a kan titunan da ko maza ke tsoro. Babu ɗaya a ciki da nake alfahari da shi kamar ihun nan na ɗakin jira. Dattijuwar mai tabarau ta leƙo kafin ta tashi aiki, tana ba ni haƙuri. Na ce mata ba laifinta, ta tambaya na amsa. Ta ce to me ya sa na ce uku? Na buɗe baki in yi bayani, na ga labarin ya fi ƙarfin Turancina, sai kawai na ce haka aka koya min.

Washegari da safe na kira gida ta bidiyo. A can rana ta yi tsaka, ɗakin Inna cike da 'yan barka, guɗa tana tashi. Aka yi ta miƙa wayar hannu zuwa hannu har ta iso ga Inna.

"Sannu da arziki. Kin dai daure ko?"

Ina iya cewa e. Babu wanda zai ƙaryata ni, maigida ko da wuƙa ba zai faɗa ba.

"A'a, Inna. Ban daure ba. Ihu na yi, duk asibitin sai da suka ji."

Wata daga baya ta fara 'yar dariya. Na ba ta labarin ruwan, da cibiyar, da abin da likita ta ce. Inna ta miƙe da wayar, na ga labule, na ga rufin ɗaki, na ji ta tura ƙofar uwar ɗaka. Ta zauna a bakin gado, ta gyara ɗankwalinta da bai kwance ba.

"Kafin ke an yi wani," ta ce. "Namiji. Kwana biyu na yi ina naƙuda a ɗaki ban faɗa wa kowa ba. Bai zo da rai ba."

Shekarata talatin da ɗaya a duniya, ban taɓa jin wannan magana ba.

"Kowa ya yaba min," ta ce. Ta goge ido da bakin zani. "Ɗago min ita sosai, ban ga fuskarta ba."