Zakaran Jan Wake

Har yau idan na bi ta layin majema, warin jiƙaƙƙiyar fata ya doke ni, sai in tuna da wani zakara da bai taɓa cara ba. Da hannunmu muka yi shi a lakwal ta Gure, wato makarantar boko, a shekarar da ta biyo bayan zuwan fara.

Ba da son ran kowa aka sa ni lakwal ba. An ce kowace unguwa ta ba da yaro, masu unguwa suka duba gidan da babu namijin da zai ɗaga murya, suka ga namu, don tun kaka aka tafi da babana aikin hanya na tilas. Daga ni sai Inna a gidan. Gero kuwa fara ta gama da shi tun yana gona, saboda haka garin ƙarangiya muke tuƙawa, mu gwagwiyi goruba mu kora da ruwa.

Malaminmu wani dogon mutum ne daga can kudu, bakin teku, kullum da ɗan ƙyalle a hannu yana share gumi. Ba mugu ba ne sosai, tsoron kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, shi ne ya cika masa ciki kamar yadda tsoronsa ya cika namu. Yana da wani darasi na bayan azahar da yake ji da shi, wai aikin hannu. Mu da muka tashi muna tufka igiyar kaba tun ba mu iya ɗaura wando ba, mu aka zaunar ana koya mana naɗe takarda ta zama jirgin ruwa, a garin da babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya kai ƙugu.

Ana nan sai labari ya zo cewa kumandan zai kawo wani babban baƙo daga Damagaram ya duba aji. Malam ya rikice. Ya samo wani tsohon ƙyauren katako, ya zana ƙaton zakara a kai da alli, ya ce alamar ƙasar Nasara ce. Kowane yaro ya zo da ƙwayar hatsi daga gida, mai launi, za mu liƙa ɗaya bayan ɗaya har zakara ya yi gashi. A shekarar yunwa fa! Ko da ƙuruciyata sai da na ji abin ya tsaya mini a rai.

Abin da ya rage mana mai suna ƙwaya shi ne irin jan wake da Inna ta binne cikin toka a wani ɗan tulu, ta liƙe bakinsa da laka saboda ƙwari. Daga Bune ta zo da irin, na mahaifiyarta ne, kuma yana nuna tun gero bai fitar da kai ba. Shi muke jira ya fitar da mu daga damina da ranmu. Sau da yawa mun kwana da yunwa tulun yana ƙarƙashin gado, ba ta ko kalle shi ba. Amma da na ce mata duka ake yi in yaro ya je hannu sake, sai ta fasa lakar, ta tsamo mini kaɗan da bakin yatsu.

Da ƙaro muka fara liƙin, tunda ƙaro ba ya wuya a ƙasarmu. Abin da malam bai lissafa ba shi ne cikinmu. Da ya juya baya, mai lasar ƙaro na lasa, mai ɓantarar dawa na ɓantara, kafin a tashi zakara ba shi da wutsiya. Washegari ya zane mu tas, sannan ya ce zai haɗa ruwan liƙin da ko kare ba zai lasa ba. Ya kuwa cika alkawari.

Ya aike mu mahauta muka kwaso ƙofato da yankakkun fatun da suka kwana biyu a rana, har sun fara kore. Aka zuba a garwa, aka ɗora a wuta bayan aji, muna karɓa-karɓa wajen juyawa. Wayyo wari! Wani irin wari mai maiƙo da yake manne wa mutum a maƙogwaro, ko ka tofar yana nan. Abin ya narke ya zama baƙi-baƙi, yana tafasa yana ɓulɓul, gashin akuya na yawo a sama. Wani ɗan ajinmu ya yi amai a gefen murhu, ƙudaje ma ba su kula aman ba, garwar suka nufa. Malam yana can nesa da ƙyallensa a hanci, yana ta yi mana tsawa mu juya da ƙarfi.

A ranar ne idonsa ya faɗa kan ɗan wakena. Ya juya shi a tafin hannu, ya ce ga jan da yake nema, na tukku da ƙirji da fukafukai. Ya tambaye ni ko akwai saura a gida. Yaro ne ni, babba ya tambaye ni, na ce akwai. Nan take ya haɗa ni da gardi, ɗan sandan bariki mai jar hula.

Inna tana sussukar ƙarangiya muka yi sallama. Da ta ji abin da ya kawo mu, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, iri ne fa. Shi ke gare mu."

"Uwar gida, ni ma aiko ni aka yi," in ji gardin, yana kallon ƙasa. "Aro ne aka ce. In baƙo ya gani, a maido miki abinki."

A lokacin ba a yi wa jar hula gardama, musamman a gidan da aka riga aka ɗauke maigida. Ta jawo tulun, ta tankaɗe tokar a faifai, ta juye waken a ƙwarya. Ta ce da ni, "Ka kula da shi, kar ka bari ya jiƙa." Ita a zatonta a faifai za a jera shi baƙo ya kalla, kamar yadda ake baje kaya a kasuwa. Na karɓi ƙwaryar, na bi bayan gardin, na bar ta da zatonta.

Da zafinsa muke shafa ruwan liƙin, don in ya huce daskarewa yake yi. Mu ɗiba da tsinke, mu shafa, mu danna ƙwaya. Yatsuna suka yi bororo. Da muka gama, malam ya sa aka sake kwarara tafasasshen a sama, wai don ya yi ƙyalli. In na koma gida Inna ta goge mini hannu da toka har fata ta yi ja, duk da haka in na kai loma baki sai na ji kamar ƙofato nake ci.

Baƙo bai zo ba. Aka ce gobe, aka ce jibi, bazara ta kankama. Da rana ta take sai liƙin ya saki, ya riƙa tsiyaya daga ƙirjin zakara yana ɗiga a ƙasa. Koren ƙuda ya mai da ajinmu gida. Wata safiya muka tarar fuffuken zakara yana motsi, muka matsa, ashe tsutsa ce fal a ƙarƙashin waken. Malam ya ba mu tsinke mu tsince su, muna yi muna karanta baƙaƙen Nasara da ƙarfi.

Sai da ruwan farko ya sauka sannan kumandan da baƙon suka iso. Baƙon ya tsaya daga bakin ƙofa, ya toshe hanci, ya kalli zakara, ya faɗi kalma ɗaya, ya juya. Ko zama bai yi ba. Malam ya yi ajiyar zuciya, ya ce a fitar masa da ƙazantar nan bayan aji.

A nan Inna ta sami zakaran, ranar da ta fara taka lakwal. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta naɗa gammo, ta ɗora ƙyauren a ka, ta ratsa gari da shi ƙudaje na bin ta, mata na kauce mata a hanya. Ba ta yarda ya shiga gida ba. A bayan danga ta kankare waken da wuƙa, ta jiƙa a tsohuwar ƙwarya, ta yi ta wankewa tana kau da kai tana tofar da yawu. Wani ƙwari sun huda, wani ya dare biyu. Ta tsince masu ɗan kama da lafiya, muka je gona, tana sara ina jefawa ina rufewa da diddige.

Gonakin maƙwabta suka yi kore. Kullum da safe sai mu je mu duba layukanmu, rairayi ne kawai. Ran nan ta tsuguna, ta tona rami ɗaya da yatsa. Abin da ta ciro baƙi ne, ya ruɓe, kuma warin nan ne dai na garwa. Ta tona na biyu, ta tona na uku, ta bari. Ta yi ta goga yatsan a rairayi, ba ta ɗago ba.

"Kai da kake jin maganarsu," ta ce, "me baƙon ya ce da ya gani?"

"Ya ce ya yi kyau, Inna."

"To," ta ce. Ta ci gaba da goge yatsanta.

Da ganye da ƙarangiya muka ƙarasa daminar. Na girma na zaga kasuwanni daga Gidigir har Bune ina duba faifan masu wake, ban sake ganin irin jan nan ba.